Warin Silifas a Matakalar Baya

Shekara goma sha tara ina tsintar silifas a bakin teku. Kullum bayan sallar asuba nakan ɗauki buhu in bi gaɓa, daga inda masunta ke ɗaure jiragensu har bakin kogi, duk wanda ruwa ya turo in ɗauka. Ba sa zuwa bibbiyu. Wari ɗaya ne kullum, kuma abin da har yau ya ɗaure mini kai, na hagu sun fi yawa. Na tambayi liman, ya ce Allah ne masani. Na tambayi wani malamin makaranta da ya taɓa sauka a gidanmu, ya ce wataƙila lanƙwasarsu ce ke sa igiyar ruwa ta raba su, na hagu su yo nan, na dama su yi wani wajen. Tun daga ranar nakan zauna in yi tunanin wani tsoho a can wani tsibiri, da buhunsa cike da na dama, shi ma yana damun limaminsu da tambaya.

Ina ajiye su a ƙarƙashin gida, tsakanin ginshiƙai, inda ɗakina yake. Gidan na mahaifiyarmu ne, na katako, a ɗage a kan ginshiƙai kamar sauran tsofaffin gidajen garinmu na kudancin tsibirin Sulawesi. Ƙanwata Daeng Rannu ce ta mai da shi masauki bayan mijinta ya rasu. Daeng laƙabin girmamawa ne a wurinmu, na maza da mata. Ɗaki takwas ne a sama, da baranda mai kallon teku. Ita ke dafawa, ita ke wanki, ita ke faɗa. Ni kuwa ina share tsakar gida, ina ba agwagi abinci, ina wanke silifas ɗina in jera su su sha iska.

"Yaya Sikki," takan ce mini, "ranar da ka mutu da motar shara za a fara zuwa kafin makara."

"To ki ce direban ya bi a hankali, akwai masu tsinkakken hanci a ciki."

A cikin duk tarin nan akwai guda biyu da ba na haɗa su da kowa. Shuɗaye ne, manya, masu kaurin ƙasa. Mai su ya yanke 'yar kusurwa uku a dunduniyar kowanne, irin alamar da mutane ke yi don kada a musanya musu a ƙofar masallaci. Na hagun na tsinta shekarar da aka kawo mana wutar lantarki ta dare da rana. Na daman kuwa sai bayan shekara bakwai, wata safiya bayan iska, ya zo ya kwanta kusa da wata busasshiyar kwakwa kamar wanda ya gaji da tafiya. Da na juya shi na ga alamar, sai na zauna a rairayi na daɗe ban tashi ba. Ina ya je shekara bakwai? Wa ya gani? Na naɗe su a tsohon zanen mahaifiyarmu na sa a ƙarƙashin matashina. Ban taɓa saka su ba.

Baƙin Rannu kusan duk ma'aikatan gwamnati ne. Masu yawon buɗe ido ba sa zuwa garinmu, hanyar ba ta da kyau kuma ba mu da abin da za su ɗauki hoto. Amma masu duba makarantu na zuwa, masu yi wa shanu allura na zuwa, masu auna filaye na zuwa, kowa da kakinsa da baƙin takalminsa mai ƙyalli. Su ajiye takalman a gindin matakalar gaba, a kan shiryayyen katakon da mahaifinmu ya yi, su hau da safa. Takalmi bai taɓa hawa gidan nan ba tun da aka gina shi. Ko ɗan sandan da ya zo neman ɓarawon babur sai da ya cire.

Babban baƙonta shi ne Puang Baso, shugaban masu duba makarantu na gundumarmu. Jinin sarauta ne, shi ya sa ake ce masa Puang, kuma ko ba a faɗa maka ba za ka gane daga yadda yake zama. Shekara goma sha ɗaya yana sauka a ɗaki na ɗaya. Shi ne ya kawo mana labarin, wata ranar Litinin da la'asar, yana shan gahawa da soyayyar ayaba a baranda.

"Daeng Rannu, an fitar da sabuwar doka," ya ce. "Daga watan gobe ma'aikacin gwamnati ba zai kwana ko'ina ba sai inda 'yan kwana-kwana suka duba suka ba da takardar shaida. Za a fitar da jerin sunayen masaukai. Wanda ba ya ciki, ko ni ba ni da ikon sauka a wurinsa."

"Ko kai, Puang?"

"Ni ne ma farkon wanda za a kama."

Rannu ta ajiye butar gahawa. Mun san dalilin dokar, kowa ya ji labarin otal ɗin da ya ƙone a birni da ma'aikata a ciki, ƙofa ɗaya ce kuma wuta a bakinta ta tashi. Amma mun kuma san cewa a bakin babban titi an gama wani sabon otal na siminti mai hawa uku, wanda aka gina shi da komai a jiki. Idan ba ta shiga jerin ba, duk kakin nan can za su koma, ɗakunanta takwas su zama na ƙadangaru.

Ba ta yi kuka ba, Rannu ba ta iya wannan ba. Washegari ta je ofishin 'yan kwana-kwana ta karɓo takardar sharuɗɗa. Aka sayo jajayen tukwanen kashe gobara guda uku aka rataya. Aka manna farin faifan da ke jin hayaƙi a rufin kowane ɗaki da na baranda. Ranar farko da ta gasa kifi, na kusa da kicin ya fasa ihu har agwagi suka watse, ita kuma ta tsaya a ƙarƙashinsa da mafici tana ce masa, "Kifi ne, ɗan banza, kifi ne!" Ni dai abin ya burge ni. Na kwana biyu ina ɗaga kai ina kallonsa, abu ba hanci amma yana shinshina.

Babban aikin shi ne ƙofa ta biyu. Dokar ta ce dole a sami hanyar fita biyu, nesa da juna. Kafinta ya fasa bangon ƙarshen lungun ɗakuna ya kafa sabuwar matakala mai taki tara, domin a al'adarmu ba a yin matakala da adadi mai rabuwa biyu, ta sauka bayan gida. Bayan gidanmu kuwa an zuba masa fasassun duwatsun teku da ɓawon kaguwa tun zamanin mahaifinmu saboda laka, ga agwagi suna yin abin da suka saba a kai. Aka sa koren allo mai hoton mutum yana gudu a saman ƙofar.

Mai dubawa ta zo ranar Alhamis. Sunanta Bu Hasniar, Bu ɗin nan kamar a ce Malama ne, gajeriya ce, da ɗankwali ruwan toka a ƙarƙashin hular aiki, da usur a wuya. Ta ɗaga kowace tukunya ta duba kwanan wata. Ta kunna sandar maganin sauro a ƙarƙashin kowane faifai har ya yi kuka. Ta hau sabuwar matakala ta yi tsalle a kan kowane taki. Rannu na biye da ita da farantin waina, ita kuma ko kallon farantin ba ta yi ba.

"Kayan sun yi," ta ce. "Saura mutane."

A lokacin baƙi tara ne a gidan, Puang Baso da tawagarsa, sun zo duba makarantun gaɓa na mako biyu. Sun dawo daga aiki, wasu na kwance, wasu na kallon talabijin. Bu Hasniar ta ciro wani jan ƙyalle daga jakarta ta ɗaura a saman matakalar gaba.

"Nan wuta take," ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Mitar wuta a ƙarƙashin matakalar nan take, ga babura da mai a cikinsu. Idan na busa, minti uku kowa ya kasance ƙarƙashin bishiyar mangwaro a bayan gida."

Ta busa.

Ina tsaye a ƙasa da tsintsiya, na ga komai. Ƙofofi suka buɗe, mutum tara suka fito, dukkansu suka nufi jan ƙyalle. Ko ɗaya bai waiwayi koren allon ba. Na farkonsu Jufri, ƙaramin ma'aikaci mai yawan surutu, ya ɗaga ƙyallen a hankali ya sunkuya ya wuce ta ƙarƙashinsa, har da sauke hannun dama ƙasa kamar mai wucewa gaban manya.

"Malam, ka shiga wuta!" in ji Bu Hasniar.

"Yanzu zan fito, Bu, takalmina kawai zan ɗauka."

Sauran suka biyo shi. Suka taru a gindin matakala, a tsakiyar wutar, kowa na neman nasa. Baƙaƙen takalman gwamnati duk kama ɗaya suke. Wani ya saka na wani, wani ya zauna yana ɗaura igiya. Sannan duk suka tsaya suka buɗe hanya, domin Puang Baso na saukowa a natse, ya zauna a taki na ƙarshe, ya ciro ɗan cokalin saka takalmi daga aljihunsa. Da suka zagaya suka isa gindin mangwaro, Bu Hasniar ta dubi agogon wayarta.

"Minti bakwai da rabi. Allah ya jiƙanku gaba ɗaya."

Jufri ya yi dariya. Rannu ba ta yi ba.

"Bu, ai wasa ne," in ji Rannu. "Da wutar gaske ce wa zai tsaya neman takalmi?"

"Daeng, shekarata goma sha huɗu a aikin nan. Mutum in ya firgita, abin da ƙafarsa ta saba shi take yi. Na taɓa fito da wani daga gindin matakala da takalmi ɗaya a hannunsa." Ta sassauta murya. "Zan dawo Alhamis mai zuwa, ba zan faɗi lokaci ba. Kuma kada ki ce za ki yi musu huɗuba. Waɗannan za su tafi, wasu su zo. Ina son abin da zai yi aiki a kan baƙon da ba a gaya masa komai ba. Idan ba a yi ba, sai jerin baɗi."

Jerin baɗi. A shekara guda ko ƙadangarun sun gaji sun tashi.

Da yamma Rannu ta tara su a baranda ta yi musu huɗubar da aka hana ta. Ta ce ƙafa ba ta narkewa don ta taka ƙasa. Ta ce duk kakanninsu ba takalmi suka tashi.

"Daeng, kin ga bayan gidanki kuwa?" in ji Jufri. "Wancan ai ba ƙasa ba ce, wuƙaƙe ne aka shuka. Ga kashin agwagi a kai kamar miya."

"To ku riƙa hawowa da takalmanku ɗaki," in ji wani.

Rannu ta dube shi har ya sunkuyar da kai. "A gidan uwata?"

Ba wanda ya sake kawo wannan maganar.

Bayan sun watse, Puang Baso ya sauko ya same ni ina rufe agwagi. Bai taɓa shigowa ƙarƙashin gida ba. Ya tsaya yana kallon silifas ɗina da ke jere a kan igiya, sannan ya ce, "Daeng Sikki, ba girman kai ba ne. Ciwon suga gare ni. Likita ya ce ko ƙaya ta soke ni a ƙafa sai Allah. Yayana da haka aka yanke masa yatsu. Ba na son yaran nan su sani."

Na ce ba za su ji daga bakina ba. Ya tafi. Na daɗe ina duban sawun takalminsa a ƙasa. Babbar ƙafa ce.

Washegari Juma'a Rannu ta tafi kasuwa ta dawo da sababbin silifas ruwan ɗorawa, ƙafa goma sha biyu, ta jera su a saman sabuwar matakala, a waje da ƙofa inda ba cikin gida ba ne. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ka gani, Yaya? Silifas na mutane. Kowanne da ɗan'uwansa."

Na ce na gani, sun yi kyau.

Masallacin Juma'a a bayan gidanmu yake, kuma rabin unguwa ta tsakar gidanmu suke yanke hanya. Ba sata ba ce, a garinmu ba a kiran wannan sata. Mutum ya ga sabon silifas ba ƙafa a ciki, nasa ya tsinke, ya ce bari in ara in dawo da shi. Baƙin ma kansu suka riƙa zura su zuwa banɗaki, zuwa sayen taba, su dawo ta gaba su bar su can. Ranar Asabar saura bakwai. Ranar Lahadi na ga matar mai sayar da ƙanƙara da ruwan ɗorawa a ƙafarta, ta gaishe ni da fara'a. Ranar Litinin saura biyu, su ma Jufri ya tafi da ɗaya wata makaranta a ƙetaren kogi ya dawo babu.

"Zan sa su a akwati in kulle!" in ji Rannu.

"Wuta ta tashi a zo neman makulli wurinki?"

"Zan ɗaure su da sarƙa!"

"Sai su gudu da matakalar a ƙafa."

Ta zauna a kan turmi a ƙarƙashin gida, abin da ba ta saba ba. Na ga ta tsufa. Ta ce, "Gidan Inna ne, Yaya. Na riƙe shi shekara ashirin da biyu. A ce takalmi ne zai rufe shi."

Ina wanke wani koren wari da na tsinto da safe, na yara, mai hoton kifi. Ina goge shi ina tunanin yarinyar da ta yi kuka a kan jirgi lokacin da ya faɗa ruwa. Sai na ɗaga kai na dubi igiyoyina. Shekara goma sha tara suna rataye a nan, ba ƙofa, ba makulli, rabin unguwa na wucewa ta gabansu kowace Juma'a.

"Rannu, nawa aka taɓa ɗaukar mini?"

"Me?"

"Silifas ɗina. Tun da na fara tarawa, nawa suka ɓata?"

"Wane mahaukaci zai ɗauki wari ɗa..." Ta tsaya. Ta dubi igiyoyin, ta dube ni. "A'a. A'a, Yaya. Ma'aikatan gwamnati? Da ja a hagu da kore a dama? A gaban hukuma? Gara in rufe gidan da hannuna."

"Ba wanda zai je masallaci da su. Ba wanda zai je sayen taba da su. Inda aka ajiye su nan za a same su."

"Abin kunya ne!"

"Kunyar ce za ta tsare miki su."

Ta tashi ta hau sama. Na ji tana buga tukwane fiye da yadda girkin ke buƙata. Can sai ta leƙo ta tagar kicin.

"Ka wanke su da sabulu. Mai ƙamshi. Ba na wanki ba."

Kwana biyu na yi ina zaɓe. Matsalar ita ce na dama sun yi ƙaranci, sai da na zazzage buhu huɗu kafin in haɗa ƙafa ashirin masu lafiyayyen hanci, kowane hagu da dama mai tsawonsa. Launi kuwa ban ko gwada ba. Ja da fari, baƙi da ruwan hoda, wani mai fure da wani mai tambarin ƙwallo. Na jera su a saman matakalar baya, manya a dama ƙanana a hagu, dunduniyarsu na kallon ƙofa yadda mutum zai zura ƙafa kawai ya wuce. Rannu ta sa kafinta ya ɗaga labulen ƙofar, don duk wanda ya fito daga ɗakinsa ya hango su tun daga lungu, a ƙarƙashin koren allo.

Ranar Laraba da la'asar matar mai ƙanƙara ta wuce, ta tsaya ta dube su, ta yi dariya, ta tafi. Ranar Alhamis da safe na ƙirga idona a kansu, ko ɗaya bai motsa ba.

Bayan na gama share tsakar gida na shiga ɗakina na ɗaga matashi. Na kwance zanen Inna. Na daɗe ina riƙe da su. Sannan na hau na ajiye su a farkon layi, daidai bakin ƙofa.

Bu Hasniar ta zo da azahar ta wuce kaɗan, lokacin da aka ci shinkafa da miyar kifi aka kwanta, lokacin da ko kuda ba ya son tashi. Ba ta gaisa da kowa ba. Ta ɗaura jan ƙyallenta ta busa usur.

Ina gindin matakalar baya. Na ji ƙofofi. Na ji ƙafafu sun nufi gaba, taki uku, huɗu. Sai muryar Jufri.

"Kai! Ga takalma can! Ku juyo, ku juyo!"

Ya fara fitowa, hagu ja dama mai fure, riga a buɗe. Ya dubi ƙafafunsa ya fashe da dariya, amma bai tsaya ba. Na bayansa ya samu baƙi da ruwan hoda. Wata malama ta zuro fari da kore tana cewa, "Wayyo Allah, kada wanda ya ɗauke ni hoto!" Ba wanda ya tsaya zaɓe, domin babu abin zaɓa, duk ɗaya suke a muni. Suka sauko suna tafa-tafa a kan duwatsu, agwagi na gudu a gabansu.

Takwas suka sauko, saura ɗaya. Na ɗaga kai.

Puang Baso na tsaye a bakin ƙofa da zanensa na barci da farar singileti. Yaran nasa duk sun tsallake shuɗayen, ba wanda ya ga ya isa ya taɓa cikakken takalmi alhali Puang na baya. Ya dube su, ya dubo ni. Na gyaɗa masa kai. Ya zura ƙafa. Kamar an auna. Ya sauko taki tara da saurin da ban san yana da shi ba, ya taka wuƙaƙen Jufri ba ko ɗar, ya isa gindin mangwaro.

Bu Hasniar ta zagayo tana kallon wayarta. Ta ƙirga kawuna. Sannan ta sauke ido ƙasa, ta bi ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Na ga leɓenta na rawa. Ta juya mana baya, kafaɗunta na girgiza.

"Bu, faɗa mana mana!" in ji Jufri. "Mun mutu ko muna nan?"

Ta juyo tana share ido da gefen ɗankwali. "Minti ɗaya da daƙiƙa hamsin. Ko otal ɗin siminti bai yi haka ba. Dabarar wa ce wannan?"

Rannu ta yi gyaran murya. "Yayana ne. Ya daɗe yana tara su." Ta ɗan tsaya. "Dama mun san za su yi amfani."

"Mun sani?" na ce.

"Yi shiru, Yaya, hukuma na magana."

Bu Hasniar ta tambaye ni me ya sa ba a sayo sababbi ba, na gaya mata labarin ruwan ɗorawa. Ta ce a masaukai uku ta ga wannan matsalar a watan nan, duk gidajen katako, duk takalma a gaba. Ta nemi izini ta ɗauki hoton layin. A nan gindin mangwaro ta ɗora takardar a kan jakarta ta sa hannu ta buga hatimi. Wannan karon da Rannu ta miƙo farantin waina, ta ɗauki biyu.

Aka fito da gahawa nan bayan gida, ba wanda ya koma sama. Jufri ya riƙa yin faretin soja da ja da mai fure, yana sara wa agwagi. Malamar da ta ce kada a ɗauke ta hoto ita ta fi kowa ɗauka. Puang Baso ya zauna a kan kujerar da aka kawo masa, yana juya ƙafarsa yana duban 'yar kusurwar da aka yanke a dunduniya. Na ba shi labarinsu, shekara bakwai da komai. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba, abin da ba a cika yi mini ba.

"To ai bai kamata in taka su ba," ya ce.

"Shekara bakwai suna neman juna, Puang. Ba don su kwanta ƙarƙashin matashi ba ne."

Da zai hau ya cire su da kansa, ya kakkaɓe, ya mai da su farkon layi. Har yau a nan suke. Kowa a unguwa ya san na Puang ne, ko ranar Juma'a ba mai kallonsu.

Takardar tana rataye a baranda cikin gilashi, kusa da hoton Inna. Sunan gidanmu ya fito na huɗu a jerin. Masu yi wa shanu allura sun zo a watan da ya biyo, masu auna filaye na nan tafe.

Washegarin dubawar na makara kaɗan bayan asuba, ina zaune ina kallon faifan hayaƙi na baranda. Sai na ji an jefo mini abu a cinya. Buhuna ne.

"Rana na fitowa kana zaune," in ji Rannu. "Masaukin Daeng Ngai na ƙetaren kogi sun aiko, suna son ƙafa goma sha biyar kafin Alhamis. Tashi ka tafi. Kuma don Allah ka buɗe ido, na dama muke nema."